Kaboyin Wendover da Kibod ɗin Marigayi

Abin da na rasa a hannun Desmond ba ɓoyayye ba ne: kibod ɗin marigayi mijina, da rabin buhun shinkafa, da gaisuwar wani fasto wanda har yau in ya hango ni a kanti sai ya faɗa layin sabulu. Abin da na samu kuwa, fili a falo inda na ajiye firiza, da hotona yana yawo a wayoyin mutanen da ban sani ba, bakina a buɗe. Masu cewa yaron ya yi mini wayo su je su tambayi matarsa. Ni Yemima, Maman Nanven, mai masa da kunun gyaɗa a East Greensboro ta Amurka, tun ina tallar tumatir a Bukuru ba wanda ya taɓa cin ribata ya tafi yana dariya.

Baban Nanven shi yake buga kibod a cocinmu har ciwo ya kwantar da shi. Da ya rasu na dawo da abin gida, na rufe shi da leshi a kusurwar falo. Ba a gama zaman makoki ba Fasto Malachy, mai wata ƙaramar coci a Glenwood, ya zo gaisuwa. Bakinsa yana ta'aziyya, idonsa yana kan leshi. Ya taya dala ɗari shida. Na ce albarka. Ya sake dawowa da ayoyi game da tara dukiya a duniya, amma bai ƙara ko sisi ba. Na ce masa dubu da ɗari biyar, in bai da su ya bar mini ayoyin, ina da nawa.

Desmond ɗan garin mijina ne, daga Pankshin, yana lodin kwali a wani sito a titin Wendover. Baban Nanven ne ya koya masa taɓa kibod. To, a cocinmu mai kibod ba ya fara waƙa. Mace ce take ta da ita daga kan benci, a duk inda muryarta ta sauka ran nan, ko sama ko ƙasa. Mai kibod sai ya bi ta da yatsa ɗaya yana lalube, tin, tin, tin, har ya gano inda take, sannan ya shiga da hannu biyu. Mijina taɓawa biyu yake yi ya kama. Desmond sai an kai amshi. Amma in ya kama, ya kama, wannan ba zan hana shi ba. Marigayi yakan ce yaron yana da kunne, sai dai tunkiya ce, in ba ta ga wutsiyar wata a gaba ba ba ta motsi.

Wata Lahadi sai ga Desmond a ƙofar coci da malafa irin ta kaboyi, da takalmi mai tsini da ƙaimi a dunduniya, da kan bel kamar murfin tukunya. Ya ce daga yau kada a ƙara kiransa mai kibod ɗin coci, shi makaɗin kantiri ne, kiɗan kaboyi na Turawan karkara, dama can shi ne, talauci ne ya ɓoye shi. Bayan sujada ya tare mu a wurin shan shayi ya fara tarihi. Ya ce a wani otal a Jos ya taɓa yin kiɗa har wata Baturiya ta yi kuka. Ya ce wani kwamishina ya cire agogonsa ya miƙa masa. Ya ce an sa kiɗansa a rediyo, duk Filato ta ji.

Matarsa Serah tana aiki a gidan kula da tsofaffi, ba ta da yawan magana, amma in ta yi ba ta ɓata. Tana zuba madara a kofi ta ce Baturiyar yajin tsire ne ya shiga idonta, kwamishinan kuma hannu zai wanke ya ce a riƙe masa agogo. Aka tambaye ta na rediyon fa. Ta ce sanarwar ɓatan saniya ce aka sa kiɗan a baya.

Desmond ya ce annabi ba ya da daraja a gidansa.

Da yamma ya zo mini da shirinsa. Akwai wani Bature mai gemu a sitonsu, Mista Harlan, mai tuƙa motar ɗaga kaya, yana da ƙungiyar makaɗa. Mai kibod ɗinsu an yi masa aiki a kafaɗa, ga bikin kaka ya matso, wanda ake yi a filin fakin na wani kantin takalma a Wendover. Desmond ya nuna masa bidiyo, Baturen ya ɗauke shi nan take. Daga wannan biki, in ji shi, sai Nashville, birnin manyan makaɗan kantiri, daga Nashville kuma sai dai mu riƙa ganinsa a talabijin. Abu ɗaya ya rage, kibod ɗin Baba.

Na ce ya sha kununsa ya tafi.

"Mama, kin san abin da ya sa Fasto yake raina kayan nan? A ƙarƙashin leshi yake ganinsa. Bari ya gan shi a kan dandamali, Turawa suna tafi. Kayan da ya hau dandamali ba a tayinsa da ɗari shida."

Ba wayonsa ba ne ya kama ni. Ni ma na san tumatirin da ke saman kwando ya fi na ƙasa tsada. Na gindaya masa sharaɗi: a garejina zai yi gwaji, kibod ba ya fita sai ranar bikin, ranar kuma ƙafata ƙafarsa. Kafin ya kai mota na riga na kira Fasto Malachy na gayyace shi, na kuma aika wa zumuntar mata.

Washegari ina suyar masa sai na ji kiɗa daga gareji, mai sanyi, mai daɗi, har da jita da ganga a ciki. Na ajiye cokali. Tun rasuwar Baban Nanven ban ji gidan ya cika haka ba. Na share ido da gefen zane, na zuba kunu a jug na kai masa. Ina buɗe ƙofa na tarar da shi zaune a kan bokiti, masa a hannun dama, masa a hannun hagu, kibod yana ta kiɗansa shi kaɗai.

Ashe akwai wani jan maɓalli a gefe, in ka danna sai injin ya yi waƙar da aka saka masa tun daga kamfani. Mijina bai taɓa taɓa shi ba. Desmond ya haɗiye lomar da ke bakinsa ya ce ɗumama injin yake yi, duk manyan makaɗa haka suke yi. Na tambaye shi bidiyon da ya nuna wa Baturen fa. Ya ce ai a bidiyon fuska ake kallo.

Da wata ce da ta janye kayanta a nan. Amma na riga na gaya wa rabin Greensboro, kuma ni ba na fitar da kaya kasuwa in mayar da su gida don an yi hadari.

Ya ce zai haɗa da waƙa, don makaɗin kantiri na gaske da hanci yake rerawa. Bai yi nisa ba maƙwabcina Nouhou ya ƙwanƙwasa. Mutumin Maraɗi ne, direban babbar mota, da rana yake samun barcinsa. Ya tsaya da jallabiya, idanu ja.

"Bon, Madam, akuyar da kika ɗaure a gareji, in ta ci ce ki kira ni in yanka miki. Tana shan wahala."

Desmond ya leƙo da malafa ya ce wannan fasaha ce, ba kowane kunne ne yake ɗaukarta ba. Nouhou ya ce a Maraɗi mai irin wannan fasahar citta da kanumfari ake dafa masa, a rufe shi da bargo.

Mista Harlan ya zo gwaji sau ɗaya da jitarsa. Mutumin kirki ne, ya ci masa har da neman ƙari. Da yake shi ne yake fara rerawa, Desmond ya yi tin, tin, ya bi shi, Baturen ya ɗauka salo ne. Da zai tafi ya ce waƙar farko ranar bikin ta daban ce, ya yi ta ne don matarsa, shekararsu talatin da aure. Kibod ne zai buɗe ta shi kaɗai, a hankali, sannan sauran su shigo. Ya ce zai tura masa ita a waya ya saurara. Turancina na ciniki ne, amma wannan na ji shi sarai. Desmond ya ɗaga masa hannu ya ce kada ya wahalar da kansa, ya san waƙar tun yana Jos. Baturen ya ce bara ya rubuta ta. Desmond ya ce to ai shi ya sa.

Na ce masa ba a fafe gora ranar tafiya, ya zauna ya koyi abin nan. Ya ce Mama ki bar wa masu sana'a sana'arsu. Sauran kwanakin a gaban gilashin motata ya ƙare su, yana gwada yadda zai ɗaga malafa.

Ranar Asabar da rana muka isa. Dandamalin bayan tirela ne, an jera damman ciyawa da kabewa a gefe. Kusa da shi akwai wasu gajerun dawakai da ake ɗora yara, da bahon ƙarfe cike da ruwan shansu. Ni da kaina na tsaya aka hau da kibod, na goge shi da leshin. Matan zumunta sun taho kai tsaye daga koyon waƙa, da ankonsu, tulun kiɗa da caki suna cikin jaka. Nouhou ma ya zo, ya ce tunda an hana shi barci gara ya ga ƙarshen akuyar. Fasto Malachy ya zauna kusa da ni cikin kwat. Na raɗa masa cewa daga yau farashi ya koma dubu biyu. Ya ce bari dai mu ji.

Mista Harlan ya gabatar da mutanensa ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan Desmond, kafin ya rufe baki yaron ya karɓe makirfo. Ya ba Turawa labarin Baturiyar Jos, yanzu sun zama su uku. Agogon kwamishina ya zama na zinariya. Serah ta zura kai cikin jaka kamar mai neman makulli. Da ƙyar Baturen ya ƙwace makirfonsa, ya nuna matarsa a layin gaba, wata 'yar tsohuwa da furanni a cinya, ya faɗi abin da ya faɗa, mutane suka ce ooo. Fili ya yi tsit. Ya juya ya gyaɗa wa Desmond kai.

Desmond ya gyaɗa masa kai.

Baturen ya sake gyaɗawa, da ƙarfi. Desmond ya ɗaga masa malafa, yadda ya koya a gilashin motata.

Mai ganga ya riƙe sandunansa a sama. Ana jin ƙarar motoci a kan Wendover. Yatsan Desmond ɗaya yana rataye a kan kibod. Sai ya juyo, ba wajen Baturen ba, wajenmu. Ya zuba wa bencin mata ido yadda yake yi kowace Lahadi, yana jiran wadda za ta ta da waƙa. A rayuwarsa bai taɓa fara waƙa ba, ko ta ranar haihuwa.

Fasto Malachy ya yi tari ya matso kunnena.

"Mama, anya ba kibod ɗin ba ne ya samu matsala? Kayan wuta in sun daɗe a ajiye haka suke. In haka ne, gaskiya ɗari huɗu."

Ina zaune ina kallo ana zubar mini da farashi a gaban jama'a. Na miƙe, na gyara ɗaurin zane, na ta da waƙar godiyar kaka, wadda muke yi in ana kawo doya da masara gaban bagade. Ai ga kabewa nan a jere, ban ga inda na yi kuskure ba.

Matan zumunta ba sa barin waƙa ta faɗi ƙasa, ko a ina aka ta da ita. Suka amsa. Tulu ya fito daga jaka, caki ya biyo. Daga kan tirela na ji tin, tin, tin, sai yaron ya shigo da hannu biyu kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Kuma ya buga, tsakani da Allah ya buga. Turawa suka dubi juna, sannan suka fara tafi, ko da yake ba a inda ake tafin ba. Wani tsoho mai wandon aiki ya tashi yana jefa ƙafa. Mai ganga ya gaji da riƙe sanduna ya bi mu. Matar Mista Harlan tana ta duban mijinta, tana son ta ji ko wannan ce waƙar tata, da wane yare kuma ya rubuta ta. Shi kuwa gemunsa kawai yake motsi.

A wurinmu wadda ta ta da waƙa ita take sauke ta. Ban sauke ba sai da na ga ƙafar Fasto tana bugun ƙasa, ya ce mini ɗari takwas ba tare da ya dube ni ba. Na ƙara zagaye ɗaya don ya san ban ji ba, sannan na ɗaga hannu aka tsaya.

Da Desmond ya yi shiru a nan, da yau wani labarin ake yi. Amma tafin ya hau masa kai. Mista Harlan ya matso ya ce masa ta cikin haƙora, yanzu waƙar matata. Na ga hannun yaron ya zame gefe. Na san inda za shi.

Kiɗan kamfani ya zubo ta lasifika, mai sanyi, da jitarsa da gangarsa. Ba waƙar Baturen ba ce, amma kantiri ce, jama'a suka yi sowa. Desmond yana ta yawo da yatsu a saman kibod, yana lumshe ido, yana karkaɗa kafaɗa. Mai jita yana duban jitarsa, yana mamakin inda ta biyu take fitowa. Wasu mata a baya suka yi masa guɗa irin tasu. Sai ya miƙe tsaye. Ya cire malafa da hannun dama ya ɗaga sama. Ya ga bai isa ba, ya ɗaga na hagu yana gaida mutanen can gefe.

Kiɗa bai tsaya ba.

Tafin ya fara mutuwa daga layin gaba. Nouhou ya ce, da muryar da ake jin ta har wajen dawakai, "Bon, ku biya aljanin, shi ya yi aikin." Matan zumunta suka fashe, Turawa ba su ji Hausa ba amma suna da ido. Desmond ya dubi hannayensa biyu a sama, ya dubi kibod, ya yi tsalle zai kashe. Ƙaimin takalminsa ya saƙale wayar wuta. Ƙafar kibod ta naɗe. Kayan Baban Nanven ya sulale a kan dammin ciyawa, a hankali, kamar amarya tana sauka daga mota, ya faɗa cikin bahon dawakai. Wani ɗan doki ya ɗago kai, ruwa yana ɗiga daga gemunsa. Desmond kuma ya bi ta ɗaya gefen, ya zauna a kan kabewa ta fashe.

A nan ne aka ɗauki hoton da bakina yake buɗe. Ba kuka nake yi ba, sunan yaron nake kira har da na kakansa.

Fasto Malachy ya miƙe ya kakkaɓe kwat ya ce, Mama, Ubangiji ne ya bayar. Na ce in ya ƙarasa ayar zai bi kibod cikin baho. Sai ya tambaya ko zan bar masa ƙafar kibod ɗin a dala ashirin. Abin da na gaya masa a gaban matan zumunta ba na maimaitawa, amma dai duk gaskiya ne.

'Yata Nanven ta kira daga makaranta, ta ga bidiyon kafin mu isa gida. Tana dariya tana gaya mini da Turanci in binne kibod ɗin a cikin shinkafa, tana tsotse ruwa. Na juye rabin buhu a kansa a cikin kwali. Da na tono shi na jona wuta, na bi haƙoransa ɗaya bayan ɗaya, fari da baƙi. Ko ɗaya bai amsa ba. Na zauna a ƙasa na daɗe, don yatsun mutumin nan sun cinye fentin wasu daga ciki, ana ganin wurin. Da zan tashi gwiwar hannuna ta taɓa jan maɓallin. Sai ga kiɗa, da ɗan tari a ciki, amma tiryan-tiryan har ƙarshe.

Ban san wa ya kai wa Desmond labari ba. Ya zo da sandar dogarawa da malafarsa, ko kunya babu. Ya ce bidiyon ya zaga duniya, a duk tarihin sana'arsa ba a taɓa yin rana irin wannan ba. Mista Harlan ya daina gaishe shi a sito, amma hassada ce. Ya ce har an kira shi bikin haihuwar wani yaro. Shi a wurinsa kibod ɗin ba abin da ya same shi, zai saya, dala ɗari.

Na ce albarka.

Bai daɗe da fita ba Serah ta shigo da rigar aiki, ko zama ba ta yi ba. Ta ce Mama, duk abin da ya taya zan ɗora a kai, don girman Allah kada abin nan ya shiga gidana. Ta ce tsofaffin da take yi wa wanka ma sun ga bidiyon, wata da ba ta gane 'ya'yanta ta gane Desmond.

Na ce su zo tare ranar Lahadi bayan sujada, ba na ciniki a bayan idon kowa.

Na shimfiɗa leshi a kan tebur na ɗora gawar. Desmond ya ce ɗari biyu. Serah ta ce uku. Ya ce mata mace ta gari ba ta tsaya wa baiwar mijinta a hanya. Ta ce baiwar tana cikin jan maɓalli, ba a cikin mijinta ba. Ya ce huɗu. Ta tambaye shi da kuɗin wa, tunda asusunsu ɗaya ne kuma ita take zubawa. Ya ce zai sayar da takalmin. Ta ce wa zai sayi takalmin da duk Greensboro ta ga aikinsa. Duk lokacin da suka yi sanyi sai in miƙa hannu kamar zan goge ƙura, in danna maɓallin. Idon Desmond ya kawo ruwa, ya ƙara. Serah ta toshe kunne, ta ƙara.

Da ya kai ɗari shida ya laluba aljihu ya ga iyakarsa ke nan, sai ya koma wa'azi. Serah ta durƙusa ta kama gefen zanena ta ce, Mama, ni fa 'yarki ce. Na ce 'yata ce ke a coci, nan tebur ne. Ta ce shida da ashirin. Na ce albarka. Ta ce shida da hamsin, kuma yau ɗin nan zai kwana a bola. Na ce inda zai kwana ba ruwana, amma kayan da ya hau dandamali a gaban Turawa ba a tayinsa haka, mijinki ne ya koya mini.

Ta dubi Desmond, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta buɗe jaka.

Na sallama a dala ɗari bakwai, lakadan, ita za ta ɗauka da motarta, ƙafar kibod ɗin kuma ba ta cikin cinikin.